Takardun Haihuwa Uku, Babu Garwa a Ciki

Shekarar da babbar 'yata ta gama sakandare ta ce ita aikin jinya take so. Na ji daɗi ƙwarai, don a danginmu kaf babu wanda ya taɓa sa farar riga in ba ta sallar Juma'a ba. Kafin jarrabawar shiga makarantar, wadda muke kira konkur, sai an haɗa takardu jibgi guda, kuma ƙarshen makon za a rufe karɓa. Ranar Litinin na kulle shagon ɗinkina, na goya ta a babur muka nufi ofishin.

Mai karɓar takardun wani dattijo ne mutumin kudu, ya daɗe a Garwa har Fulatancinsa ya fi nawa gyaruwa. Ya duba komai yana gyaɗa kai, sai ya tsaya a wani layi da muka bari babu rubutu. Ya ce nan ne ake rubuta yankin da mutum ya fito. Ya yi mini bayani cewa guraben makarantar yanki-yanki ake raba su, don kada mutanen wuri ɗaya su cinye duka. Ni ban ga aibin wannan ba. Na ma yi murna, domin mutanen kudu sun riga mu shiga boko da nisa.

"To, maigida, ina ne vilaj ɗinku?" in ji shi.

"Ba mu da ƙauye. 'Yan Garwa ne mu."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Kowa yana da vilaj. Ni shekara nawa ina nan, amma gidana na can ƙauyenmu, can za a kai ni in na mutu. Garwa wurin zama ne."

Na ce masa mu inda mutum ya mutu nan ake binne shi, kafin rana ta faɗi ma. Ya jawo takardar haihuwar yarinyar. An rubuta Marwa. Ya ce in ba shi tawa. An rubuta Gidar. Da ma na zo da tsohon katin marigayi mahaifina ko za a buƙata, na miƙa masa ina ganin shi zai kashe maganar. An rubuta Ngawundere. Ya jera su uku a kan tebur, ya dube su, ya dube ni.

Gaskiya ni kaina ban taɓa jera su haka ba. Abin da ya jawo kuwa ba wani abu ba ne illa goyon ciki. A wurinmu mace ba ta yin haihuwar fari a gidan miji. Cikin yana girma za a mai da ita gaban uwarta, can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai an yi arba'in ta dawo da jariri. Kakata 'yar Ngawundere ce, uwata Bafulatanar Gidar, matata kuma 'yar unguwar Domayo a Marwa. Mahaifina ɗan fari, ni ɗan fari, yarinyar nan 'yar fari. Kowannenmu kwana arba'in ya yi a garin da takarda ta ba shi, sauran rayuwar duk a gida ɗaya muka yi ta, bayan kasuwa, gidan da har yanzu nake fama da yoyon rufinsa. Ƙannena da aka haifa a ɗakin uwarmu duk Garwa aka rubuta musu.

Na zayyana wa dattijon wannan da guntun Faransancina. Ya saurara da kyau, ya ce al'ada ce mai kyau, amma asali uba yake bi. Na ce to Gidar ke nan, ai da can da Garwa duk yankin Arewa ne, an huta. Ya ce a'a, ni ma ai ina da uba. Na ce to Ngawundere, Adamawa ke nan. Ya ce shi kuma uban nasa fa?

"Daga wajen Kano ya zo, da jakuna da kanwa, tun ba a san fasfo ba."

Ya ajiye biro a hankali. Nan na gane na yi suɓul da baka, har 'yata ta taka mini ƙafa. Amma mutumin kirki ne. Ya rage murya ya ce wannan maganar bai ji ta ba, in je wurin jauron unguwarmu ya rubuto mini shaida cewa mu 'yan nan ne, in dawo kafin Juma'a.

Jauron, wato mai unguwarmu, abokin wasana ne tun muna satar zuwa wanka a kogin Binuwai. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, ni na ɗinka masa rigar naɗinsa. Na same shi a zaure da hantsi, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, ya ɗauko takarda da hatimi. Yana cikin rubutu, ko kai bai ɗago ba, ya ce:

"Wai ni kam, ku Hausa'en ɗin nan, asalinku daga wane gari ne?"

Ba da mugunta ya yi tambayar ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Shekara hamsin muna tare, ashe duk tsawon lokacin yana ɗaukar akwai wani garin da zan ambata. Zuciya ta ɗebe ni.

"Kai fa? Kakanka a gindin dalbejiyar nan ya tsiro? Ba da shanu ya zo ba?"

"Da shanu ya zo," in ji shi yana murmushi, "amma mu da sassafe muka iso."

Ya buga hatimi ya miƙo mini. Na karɓa na ce useko, godiyarsu ta Fulatanci, na fito ina huci, na rasa ma da wa nake fushin.

A gida matata ta ce don me za mu wahalar da kanmu, a rubuta Marwa kamar yadda takardar yarinya ta nuna, ai 'yar yayanta ma can a Domayo wannan jarrabawar za ta zauna, sai su zama tare. Na hau faɗa kamar ita ce ta ƙirƙiro layin. Na ce uban yarinyar nan a Garwa yake biyan haraji, a Garwa ya tsufa, ba wanda zai mai da mini 'ya baƙuwa. Na tsaya a kan yarinyar har ta rubuta yankin Arewa da hannunta, na liƙa shaidar jauro a baya. Ranar Alhamis muka kai, dattijon ya karɓa ya jefa cikin tari.

Da sakamako ya fito, an manna sunaye a bango, kowane yanki da jerinsa. Na bi jerin Arewa da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Babu ita. Na fara zargin bakina da ya ambaci Kano. Ina tsaye ina tunanin abin da zan ce mata, sai na ji ihunta daga ɗaya ƙarshen bangon. Sunanta na nan a jerin Arewa Mai Nisa, yankin su Marwa, na ƙarshe a cikinsu. Wani a wani ofis, wanda bai san ni ba bai san jauro ba, ya dubi takardar haihuwa ya bi abin da ya gani. Har yau ban san ko kuskure ya yi ba, ko kuwa shi ne ya bi doka daidai.

Na rungume ta a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Muna hanyar gida ta ce mini ta duba jerin sosai, 'yar kawunta ta Domayo ba ta ciki.

Bayan la'asar yayan matata ya kira ni a waya. Shi ne ya yanka ragon sunan yarinyar nan a tsakar gidansu, shi ya rako su tasha ranar da suka yi arba'in. Ya yi mini barka, ya sa albarka, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"To, mutanen Garwa, naku bai ishe ku ba, kun biyo mu har gida kun ɗauke mana gurbi ɗaya."

Tsakanina da shi akwai wasa, na so in rama kamar yadda muka saba. Na buɗe baki in ce ai 'yarku ce, a ɗakinku aka haife ta, sai na tuna ni ne na yi mako guda ina rantsuwa cewa ba 'yar can ba ce. Na ce masa Allah ya ba tasa sa'a baɗi. Ya ce amin, ya kashe wayar.

Yarinyar ta gama karatu, tana aikinta. 'Yar kawun nata ta sake gwadawa ba ta samu ba. A da, duk sallah sai ya zo Garwa ya kwana biyu a ɗakina. Yanzu gaisuwa yake aikowa ta bakin ƙanwarsa, ni kuma in ce ina amsawa.