Jarkar Furar da Muka Kai Maraɗi

Mun tashi daga Ƙaura Namoda ana idar da sallar asuba, mu da ɗan kokawarmu na Shinkafi da aka gayyata Maraɗi ya kara da gwanin can. Ni ne mai riƙe masa kaya. Hanyar Zurmi kun san ta: ramuka, shingayen jami'an tsaro, bakin kowa na motsi da addu'a. Sai da muka shiga Jibiya hira ta dawo cikin motar, har aka samu masu ƙorafin tsadar rake.

Ga wanda bai san harkar ba, ɗan kokawarmu ba ya cin abincin garin abokin karawarsa, don tsoron a zuba masa abin da zai kashe masa jiki. Shi ya sa muka ciko jarka da fura da nono tun daga gida. Ta wuni tana shan rana a bayan mota, ta kumbura har murfin na huci. Masu masaukinmu suka kawo tuwo da zafinsa da gasasshen nama, muka ci muka lashe yatsu. Gwanin namu kuwa ya kau da kai, ya kafa baki a jarka.

Ranar wasa gari ya waye masa da zawo da amai. Kafin azahar, ƙaton da ke ɗaga buhun gero kamar matashin kai ya kasa ɗaga buta, idanu duk sun faɗa. Wallahi na tsorata. Kokawa ta fita raina, tunanina ɗaya, yadda zan mai da shi gida da ransa.

Muna cikin haka sai ga abokin karawar tasa da kansa, tare da ƙanwarsa ma'aikaciyar asibiti, ta haɗo ruwan gishiri da sukari a kwano. Namu ya dubi kwanon, ya dube ni, ya datse baki. Mutumin ya gane. Ya ɗaga kwanon ya sha sosai a gabanmu, sannan ya durƙusa ya miƙa masa.

"Sha, ɗan'uwa. Ni ban kā da marar lahiya."

Namu ya karɓa ya sha. Shi dai mutumin ne ya je ya roƙi a ɗage wasan, alhali da ya yi shiru an ba shi nasara a zaune. Da namu ya murmure aka shiga fili, aka daɗe ana turzawa, daga ƙarshe bayan gwanin namu ya taɓa ƙasa.

Mun dawo ba kyauta, amma kowa da ƙafarsa ya sauka a tashar Ƙaura, alhamdu lillahi. Na koyi cewa fura ba ta tafiyar wuni a rana, kuma zato ya kusa ja mana abin da ba mai gyara shi. 'Yan tasha suka yanyame ɗan kokawar namu, wai lalle wani abu mutanen Maraɗi suka ba shi.

Ya ce, "Sun ba ni ruwa, sun kā da ni. Duka biyun da gaskiya suka yi."