Littattafan da Na Hana Yaya Hanne

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, wadda matan Tsiga suka sani da Hanne mai ƙuli. Kowace shekara nakan ɗauki biro in rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, domin ba yadda zan ba da labarinta ban tona wa kaina asiri ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ni aka kai makarantar boko, ita kuwa ba ta iya haɗa baƙi ba sai da ta haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci, bayan mijinta ya rasu. Daga nan karatu ya zame mata ƙishirwa. Duk ranar da ta kai man gyaɗa kasuwar Funtua sai ta dawo da ɗan littafin Hausa a ƙasan kwalla. In ta shiga gidaje talla, sai ta bar wa matar gida ɗaya, bayan mako ta karɓa ta kai wa wata. Wadda ba ta iya ba, ta zauna da ita a gindin murhu suna bin layi da yatsa. Littattafan nan duk sun sha mai, ƙamshin gyaɗa suke yi.

A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar 'yan bokon garinmu. Muka yi yekuwar farfaɗo da karatu, 'yan'uwa na birni suka aiko da littattafai katan-katan. Muka jibge su a wani ɗaki muka sa kwaɗo, muna jiran babban baƙon da zai zo ya buɗe.

Wata Asabar da hantsi muna taro a ɗakin, ta yi sallama da kwalla a ka. Ta ce matan da take bi sun karance nata har sun haddace, in ara mata ko goma ne. Ta ɗauki ɗaya a kan tebur ta fara karanta bangonsa a fili, tana sassarƙewa. Na ga wani abokina yana danne dariya, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Yaya, waɗannan ba na yawon gida-gida ba ne, ɓata su za ki yi da mai. Ki bari a yi bikin buɗewa."

Ta ajiye littafin a hankali, ta goge hannunta da gefen mayafi, ta ce, "To Malam, Allah ya kai mu." Tun ina goye Ɗanjuma take ce mini, sai ranar.

Baƙo ya yi ta ɗaga zuwansa. Damina ta faɗi, kwanon ɗakin ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya rage. Daga baya aka jera 'yan waɗanda suka tsira, aka yi jawabai, aka ɗauki hoto. Yaya ba ta ga bikin ba, ta rasu ana cikin yankan dawa.

Yanzu in na halarci tarukan ƙarfafa karatu a Funtua ko Malumfashi, nakan tambayi kaina me za ta ce. Za ta ga rumfa da lasifika da riguna masu rubutu. Ba na cewa duk aikin banza ne, na ga malamai matasa da ke tara yara a ƙarƙashin bishiya ba wanda ya sa su, kuma na san da ta sa musu albarka. Wayar da ke hannun kowa ma ba za ta tsorata ta ba, cewa za ta yi a nuna mata inda ake latsawa. Amma mu da muke auna nasara da cikar kujeru, tambaya ɗaya za ta yi mana: wa ya koma gida da littafi?

Bara a asibitin Malumfashi na zauna kusa da wata dattijuwa, Inna Ladi, tana karanta takardar maganinta da kanta. Ta dube ni ta gane ni, ta ce Hanne ce ta koya mata. Sannan ta ce, "Ai ta gaya mana za ka kawo mana littattafai masu yawa, aiki ne ya sha kanka."

Ashe haka ta rufa mini asiri har ta koma ga Mahaliccinta. Na sunkuyar da kai na ce i, aiki ne.

Ƙungiyarmu ta watse tuntuni, ɗakin ya zama wurin ajiyar taki. Abin da Yaya ta bari kuwa yana nan tare da matan da ba sa miƙa wa kowa takardarsu ya karanta musu sirrinsu. Allah ya jiƙanta, ya sa wannan a mizaninta.

Zan sa a kai wa Inna Ladi jaridar nan, tunda ba ta buƙatar mai karanta mata. Inna, ba aiki ba ne. Ta roƙe ni, na hana ta.