Ƙafafun Madubin Kafinta

Tsohon kafinta ya yi zamaninsa yana alfahari da abu ɗaya: ba a taɓa cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar teburin da ya ƙera ba. Da likita ya ce ganinsa na tafiya kuma ba ya dawowa, sai ya ƙwallafa rai a kan ganin zoben tauraron Zuhal, da madubin hangen nesa da surukinsa ya ba shi.

Madubin ya zo da ƙafafu uku sirara kamar na balbela. Da ya kama shi zai daidaita, sai tauraron ya hau rawa. Ya yar da su, ya sassaƙa na katako, ya rataya bulo a tsakiya. Rawa ba ta fasa ba. Mai walda ya yi masa na ƙarfe, sai da ƙarti suka hau da su bene, amma rawa na nan.

Wata magariba matarsa ta miƙa masa shayi, ta ji kofin yana kaɗawa a hannunsa.

"Malam, ka daina ɗaukar alhakin ƙafafun nan. Saki madubin in gani."

Ya saki. Ta leƙa, ta daɗe.

"Ga shi tsaye cak, da zobensa kamar ango. Zo ka duba, amma hannu a aljihu."

Ya sunkuya. Wani farin haske kawai ya gani, ya bazu kamar madara a ruwa.

"Ya tsaya?" ta tambaye shi.

"Ya tsaya mana," in ji shi. "Aikin wa kika ɗauka?"