Tsawon Jup ɗin Baƙuwa

Shekarun da nake ɗinki a Mayahi, kekena yana cikin ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Karatun yaƙi da jahilci na yi bayan aure, don haka ina rubuta Hausa, amma Faransanci sai dai gaisuwa. Wannan rashin ne ya sa na yi wata uku ina ɗinka wa wata mata abin da ba ta ce ba.

Matar 'yar Japan ce, wani foroje na kiwon lafiya ya kawo ta tana awon jarirai a ƙauyuka, har wajen Gidan Amumune. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Wanda ke tuƙa ta wani dattijo ne mutumin Tasawa, sa'an mahaifina, kuma shi ne bakinta: ta yi masa Faransanci, ya juya mana da Hausa. Baba nake ce masa.

Ranar farko ta kawo turmin atamfa tana son jup, wato siket. Na auna ƙugunta, na sauke ma'auni ƙasa. Sai ta sa gefen hannunta a ƙwaurinta, ƙasa da gwiwa kaɗan, ta yi wa dattijon magana.

"Mi ta ce, Baba?"

"Ta ce kar ya tsaya nan. Ki sauke shi har idon sawu."

Na ɗinka har idon sawu. Da ta zo karɓa ta gwada, ta dubi ƙafafunta, ta tattaro bakin jup ɗin sama da yatsu biyu tana cewa a hankali, "Mijikaku, mijikaku." Ba da ni take ba, ba da shi ba, kamar mai tunatar da kanta ne. Suka yi 'yar doguwar magana ita da Baba, ta yi murmushi, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Ta ce ya yi kyau ƙwarai," in ji Baba.

Murmushin ya ruɗe ni. Amma duk mai ɗinki ta san matar da kaya suka yi wa: juyi take yi tana leƙen bayanta. Wannan ba ta juya ba.

Na biyu ma haka aka yi, na uku ma haka. Kowane zuwa sai na ji kalmar nan, kowane zuwa sai Baba ya ce ta yaba. Na ɗauki allin da nake zana yadi da shi na rubuta ta a bango yadda kunnena ya ji. Ran nan kuma na hango ta a kasuwa sanye da ɗinkina, ta nannaɗe shi a ƙugu har ya yi tudu kamar gammo. Raina ya ɓaci. Na fara lissafa abin da zai sa dattijo ya ɓata mini aiki. Ko yana da tela a Tasawa da yake so ya kai ta wurinsa? Ko wata cikin matan unguwarmu ta sa shi? Har ita baƙuwar na zarga, na ce ƙila dariya suke yi mini a mota. Da na gaya wa maigidana, cewa ya yi, "Ke dai kin cika zato. Mutum da furfurarsa zai yi miki ƙarya kan tsumma?"

Wata ranar Laraba da hantsi ta yi sallama ita kaɗai, jup guda a hammata. Daga baya na ji an kai motar gyara Maraɗi. Muka zauna muna kallon juna. Idonta ya kai kan bango, ta karanta rubutuna, ta rufe baki tana dariya.

Sai ta tsinci ƙyalle biyu daga ƙasan keke, dogo da gajere. Ta ɗaga dogon ta ce, "Nagai." Ta ɗaga gajeren ta ce, "Mijikai." Na maimaita. Ta ɗauki almakashina, ta sa wa dogon, ta ce, "Mijikaku suru," ta datse shi.

Na nuna bango, na nuna almakashi. Ta gyaɗa kai.

Ban yarda nan take ba, don na riga na daina yarda da kowa a kan maganar nan. Na ɗauki guntun da ta datse na haɗa shi da ɗan'uwansa na ɗinke, na miƙa mata ina kallon bakinta. Ta ce, "Nagaku suru." Na ɗauko wata riga da aka kawo mini ta matse, na nuna inda zan farke in ƙara yadi. Ta buɗe hannuwa ta ce "hiroi", sa'an nan ta nuna ɗinkin ta ce, "Hiroku suru." A nan na kama bakin zaren. In abu yana zaune yadda yake, kalmar da "i" take ƙarewa. In kana so ka sa hannu ka mai da shi haka, sai ka cire "i" ka sa "ku", ka biyo da "suru". Kamar dai mu da gajere da gajarta, ko faɗi da faɗaɗa.

Na ɗauka na gama iyawa. Ta nuna wata atamfa mai kyau ta ce "kirei", ni kuma na yi wuf na ce, "Kireku suru." Ta girgiza kai, ta ce, "Kirei ni suru." Na ɗaure fuska, na ce a raina ga shi nan, ita ma ta fara juya mini magana. Sai da ta zana layi a ƙasa da yatsa, ta ajiye wasu kalmomi a dama wasu a hagu, na gane gida biyu ne, kowane da wutsiyarsa. Kafin azahar na yanke jup ɗin daidai inda ta sa hannu. Ta gwada, ta juya tana leƙen bayanta.

Bayan kwana huɗu Baba ya zo shi kaɗai da sabuwar atamfarta. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na bari ya sha.

"Baba, mi ake nufi da mijikaku?"

"Ni ina na san yarensu, ɗiyata?"

"Ni na sani. A gajarta ke nan. Sau uku tana faɗi gabanka."

Ya daɗe yana juya kofin a hannu. Sa'an nan ya ce, "Ke ba ki zuwa ƙauyukan nan. Ni nake zama da mazan a gindin itace sa'ad da take awo. In suka ga ƙwaurinta waje, gobe babu wanda zai bar matarsa ta kawo yaro. Ni kuma ina zan iya duban ɗiyar mutane in ce mata ta rufe ƙafa?"

"To ita mi kake ce mata?"

Ya kau da kai. "Ina ce mata ke ce kika ƙi. Wai haka ɗinkinki yake, ba ki sakewa."

Wannan ya fi komi yi mini zafi. Wata uku matar nan tana ɗaukata mai taurin kai, tana yi mini murmushi don kunya. Na ce masa ba zan tona shi ba, amma daga yau ni da ita za mu yi maganarmu. Ya tashi ya tafi.

Da ta sake zuwa, na nuna gabas, wajen ƙauyuka, na yi kamar mai goyo, na ce, "Nagaku." Na nuna wajen gidanta na ce, "Mijikaku." Ta dube ni, sa'an nan ta dubi ƙofar zaure inda Baba ke zaune a waje. Ban san iyakar abin da ta gane ba. Ta dai raba atamfar biyu, ta ce ɗaya dogo, ɗaya gajere. Haka muka ci gaba har ta bar garin, kuma Baba bai ƙara shigowa ɗakin ɗinkina ba.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Bayan tafiyarta da kusan shekara, wata tsohuwa daga Gidan Amumune, wadda a ƙofar gidansu ake yin awon, ta kawo mini ɗinkin suna. Na tambaye ta ko mazansu sun taɓa magana kan tufafin baƙuwar.

"Tufafi? Wa ya dubi tufafinta?" in ji tsohuwar. "Abin da aka yi ta faɗi, tana cin gyaɗa a tsaye, tana tafiya tana ci. Shi ma dariya aka yi."

Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ita dai abin da ya shigo cikin gida ta sani, zancen gindin itace kuwa sai maza. Na so in je Tasawa in sake tambayar dattijon, har na sa rana, sai damina ta faɗi aiki ya yi yawa. Ban je ba har yau.