Kwat Ruwan Hoda a Ramin Kuza

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba: ranar da na kusa kashe fim ɗin Oga Davou da kwat biyu.

Ni daga aji uku na sakandare na gudu. Na yi kwandasta, na yi gyaran waya, na sayar da gwanjo a kasuwar Terminus, ba inda na shekara. Oga Davou, daraktanmu, ya ɗauke ni mai kula da kayan sawa saboda na san gwanjo. Fim ɗin gajere ne, baƙi da fari, labarin kisa a bakin wani tsohon ramin kuza a Naraguta. Mutum biyu ke zuwa wurin, mai kisan da wanda za a ɗora wa laifin. Fuska ba ta fitowa, da kwat kawai mai kallo zai raba su.

Sai na kawo ja ɗaya, koriya ɗaya. Ina ta jin kaina.

Abin da ban sani ba, kyamara da kala take ɗauka, sai a kwamfuta ake cire kalar. Muka wuni muna ɗauka. Da la'asar Oga ya cire kala, ja da koren nan suka koma toka-toka iri ɗaya sak. Kyamarar kuma aro ce ta kwana uku, ɗaya ya tafi a banza.

Oga bai yi ihu ba. Ya ce, "Nura, wa ya yi kisan?"

Na ce, "Oga, ni ma ban sani ba."

Ya ce, "Gobe ƙarfe goma ka kawo wata kwat a madadin jar. Ba fara ba, rana za ta ƙona ta a hoto. Ba baƙa ba, za ta ɓace a inuwa. In ba ka iya ba, ka faɗa mini yanzu in nemi wani."

Wallahi na so in kashe waya in ɓace, kamar yadda na saba. Amma wannan ne aikin farko da nake tashi da ɗokinsa. Da sassafe na mayar da kyamarar wayata baƙi da fari, na rataya koriyar kwat a kafaɗa, na shiga layin gwanjo ina kara ta da kowace kwat ina leƙa waya. Mama Laraba, wadda na taɓa yi wa aiki, ta ce, "Kai Nura, riga kake saye ko hoton fasfo kake mata?"

A tarin kayanta na samu wadda ta fita fes a waya. Kwat ɗin mata ce, ruwan hoda, mai manyan maɓallai.

Bayo, mai fitowa a makashin, ƙato ne mai gemu. Da na kai masa ita bakin ramin, ya kalle ta ya ce, "Ni? Oga, wannan ta Maman coci ne! Ka ce in kashe mutum da wannan?"

Masu ban-ruwa a gonakin gefen ramin suka bar aiki suna dariya. Wani ya ce, "Amarya, ina ango?"

Ban yi gardama ba. Na ce, "Yaya Bayo, sa ta minti ɗaya kawai." Na ɗauke shi a waya, na miƙa wa Oga. Ruwan ramin ya fito baƙi ƙirin, Bayo tsaye a bakinsa cikin kwat mai haske kamar fatalwa. Oga ya nuna masa. Bayo ya gyara wuyan kwat ɗin ya ce, "A kunna kyamara."

Da muka gama, Oga ya ce mini, "Fim na gaba, kai za ka fara duba komai kafin a ɗauka." Yau shekara biyu ke nan, ban gudu ba.

Saboda haka, duk abin da za ku kawo wurin ɗauka, kar ku yarda da idonku, ku tambayi kyamara. In kuma kun yi ɓarna, ku dawo da safe, mutanen aikin nan suna ba da gobe. Kwat ɗin tana gidan Bayo har yanzu. Ya hana matarsa sawa.