Askin da Ya Riga Doka

Kilifa biyu, injinan aski, ke rataye a shagon Baba mai aski, amma wata biyu ke nan da ɗaya kawai yake aiki. Ɗayar, wadda ke kwashe gashi har fata, ya naɗe wayarta ya ɗaure da roba. Masu zuwa aski ba su kula ba. Ni na gani ne don shagon da nake buga wa mutane takardu bango ɗaya ne da nasa, kuma a famfonsa nake ɗiban ruwa.

Shekara talatin yana aski a layin nan. Matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, Dogo, mai shekara ashirin da biyu, wanda ke gyaran waya a bakin kasuwa.

Tun da aka fara yaƙi, doka ta ce sai mutum ya kai shekara ashirin da biyar ake kiransa soja dole. Bana hafsoshi suka ce mutane sun ƙare musu a bakin daga, a sauko zuwa ashirin. 'Yan majalisa suka ce in an kwashe samari, wa zai yi noma? Kullum rediyon Baba a kan wannan take, masu jiran layi a benci kuma suka rabu biyu.

"Malam, ai dole ka goyi bayan soja," in ji wani direba ga wani tsohon malamin makaranta. "Ko yaya aka juya dokar, ba ta biyowa ta kan furfura."

"Kai ma da tumbin nan wa zai ɗauke ka? Sai dai a tare harsashi da kai."

Baba ba ya sa baki. Yakan ce da mai kai, "Sunkuya," ya ci gaba.

Wata safiya babban hafsa ya faɗa a rediyo cewa an gama magana, masu ashirin su shirya. Baba ya san yadda ake aski a bariki: aska ɗaya, kai ɗari, ba ruwa ba sabulu. Ya ce ba wanda zai yayyanka kan ɗansa alhali shi yana da hannu. Ya zaunar da Dogo, ya ɗauko kilifar nan mai kwashe gashi har fata, ya yi masa askin kurata da kansa, ƙwal, sai ɗan gashin nan da suke bari a gaban goshi.

Da yamma majalisa ta ce hafsan ya yi azarɓaɓi, ita ba ta amince da komai ba. Washegari 'yan sintiri masu neman kuratan da suka gudu daga horo suka hango kan Dogo a bakin kasuwa. Ya nuna musu katin shaidarsa, suka ce kan ya fi katin gaskiya, suka sa shi a mota.

Tun daga ranar nake buga wa Baba takardu. Yakan tsaya a bakin ƙofata da hula a hannu, ba ya zama.

"'Yata, rubuta musu ni na yi askin. Ki ce na riga malam masallaci."

"Baba, ba a sa karin magana a takardar ofis."

"To sa shi yadda suke ji."

Majalisa ta amsa cewa doka ba ta hau kan Dogo ba, a tuntuɓi soja. Soja suka amsa cewa wanda sunansa ya shiga rajista ba ya fita sai da umarni daga sama. Muka rubuta wa sama, shiru. Rukunin su Dogo kuwa ƙarshen watan nan za su gama horo a tura su bakin daga.

Ran Litinin majalisa ta kaɗa ƙuri'a, shekarun suka tsaya a ashirin da biyar. Na ji ihu ta bango, na leƙa. Direba har ya sa an kawo lemo, yana jijjiga kafaɗar Baba. Sai mai karanta labarai ya ƙara da cewa hafsoshi sun yarda ne bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya riga ya shiga bariki zai ci gaba da aiki har yaƙi ya ƙare.

Direba ya ajiye kwalbarsa a ƙasa. Malam ya ce ya tuna yana da saƙo. Kafin azahar benci ya zama wayam.

Baba ya zo bakin ƙofata.

"Akwai sauran wanda ba mu rubuta wa ba?"

Na duba jerin ofisoshin sau biyu, ko da yake na san amsar.

"Babu, Baba."

"To. Allah ya yi miki albarka."

Ya koma ya wanke tawul uku a bokiti, ya shanya su a igiyar ƙofar shago, ya zauna a benci yana jiran su bushe.