Murfin Tukunyata Ya Je Jos

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku ji abin da ya raba ni da tsakar gidana a unguwar Lamisula, cikin Maiduguri, ya kai ni har Jos. Duk wanda ya san ni ya san ko biki aka gayyace ni a Galtimari, nan cikin gari, sai na nemi dalilin aika gudummawa in yi zamana. Amma sai ga ni a mota ina bin murfin tukunya.

Maigidana, Alhaji Modu, tun da ya yi ritaya ya samu kujerar roba a ƙofar gida ya manne mata. A kanta hawan jini da suga suka same shi, har ya taɓa yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce ko ya riƙa tafiya a ƙasa, ko mu shirya jinya. Na yi lallashi, na yi faɗa, bai motsa ba. Abokinsa Baba Gana ne ya ja shi wasan golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Lambun da babu ko tattasai. Dattawa da furfura su doki ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba, su bi ta cikin rana, in sun same ta su sake dukanta. Ban taɓa ganin aikin banza irinsa ba. Sai dai tun da ya fara ƙafarsa ta daina kumbura, don haka nake wanke masa farar rigar wasan bakina a rufe.

Damuwarsa ɗaya: ƙwallonsa takan zo bakin rami, ta leƙa, ta wuce. Ramin kuwa kaɗan ya fi bakin kofin shayi. Alhaji ya yanke hukunci cewa ramin ne mai laifi. Da ya ji tsofaffin 'yan wasa za su taru a Jos, ya ce zai kai shawarar a faɗaɗa shi. Ya shiga madafina ya ɗauki murfin tukunyar miyata, ta kayan ɗakina, wai shi ne ma'aunin sabon ramin. Sannan a gaban Baba Gana ya ce, "Wallahi in ba a faɗaɗa ramin nan ba, ni da wasan har abada."

Sai na tuna kujerar robar tana nan ba ta je ko'ina ba. Na ce da ni za a tafi, in sa ido a kan gishirin abincinsa.

Fita daga Maiduguri

Muna idar da sallar asuba Kyari direba ya tayar da mota, ni da Alhaji da Baba Gana a ciki. Gaggawar banza, don a bakin gari muka tarar da layi ana jiran sojoji su buɗe hanya. Da aka zo kanmu, wani soja ya buɗe but ya ga jakar sandunan ƙarfe, ya tambayi na mene ne. Alhaji ya yi bayani. Sai sojan ya zaro murfina ya ɗaga.

"Wannan fa, Baba? Shi ma ana bugawa?"

Tambayar da Alhaji yake jira kenan. Ya fito daga mota ya soma yi wa sojan bayanin rami, na baya suna ta danna hon. Sojan ya leƙo ya ce mini, "Mama, sannu da haƙuri," ya ce mu wuce.

Jakana zuwa Potiskum

Daga Jakana har Benisheikh shinge ne bayan shinge, ga hanya duk ramuka. Kyari yana kauce wa wani babba ya ce, "Alhaji, ga irin wanda kake nema, in tsaya?"

Nan gardama ta tashi. Alhaji ya ce ramin ne ke korar yara daga wasan, mutum ya wuni yana duka abu bai shiga ba, wa zai dawo gobe? Ya ce tsoho hannunsa na rawa, ido ya yi rauni, ya kamata a tausaya masa, kuma in an faɗaɗa kowa zai gama kafin azahar. Baba Gana ya ce daɗin wasan duka yana cikin bugun ƙarshen nan, lokacin da kowa ya yi tsit. In aka faɗaɗa, mai ƙarfin damtse ne zai riƙa ci, mai natsuwa ya tashi a banza.

"Bana murfin tukunya, baɗi kuma baho za ka kawo, Modu," in ji shi.

Suka ce in raba musu. Ni da nake ganin a cike ramin gaba ɗaya a shuka kuɓewa, sai na ji bakina yana cewa ai gaskiyar Alhaji ce. Rantsuwar nake tunawa.

A Damaturu muka sha mai. A Potiskum muka yi azahar, na kama Baba Gana yana miƙa wa Alhaji tsire ta bayan mota, na karɓe na ba Kyari.

Bauchi zuwa Jos

Bauchi muka iso da la'asar sakaliya. An daɗe ana yi mini kurin masarsu, na ci, ba laifi, amma miyar ruwa ce. Daga nan mota ta fara hawan duwatsu, kunnena ya toshe, na naɗe lafaya har wuya. Muka sauka gidan 'yar Baba Gana da ke aure a can, ta ba ni bargo da ruwan zafi na alwala, Allah ya yi mata albarka. Ban ga abin da mutane ke so a garin da sai ka dafa ruwa kafin ka wanke fuska ba.

Filin wasa

Gari ya waye, da hantsi muka je. Namu filin na gida, wajen ramin yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, ana jan buhu a kai kafin a buga. Nasu wajen ramin ciyawa ce a aske lumui, ana shayar da ita kamar mai jego, ba kuma akuyar da za ta ci.

Shugabannin taron, don girmama baƙon da ya taso daga Borno, suka yarda a haƙa ramin gwaji a gefe. Aka kifa murfina a ƙasa, aka zagaye shi da wuƙa. Wani mai tumbi ya ja da baya ya taka shi, na ji ƙarar har cikin haƙorina.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya buga, ta shiga. Ya ɗaga sanda yana waige, yana jiran tafi. Baba Gana ya buga, ta shiga. Wani tsoho da ake riƙe wa hannu ya buga, ita ma ta shiga. Aka daina ma kallo, aka koma hira.

Sai wata 'yar wasa 'yar garin, Madam Ladi, mai hular hana sallah, ta miƙo mini sandarta ta ce, "Hajja, zo ki gwada." Alhaji ya yi dariya ya ce ai ni muciya kaɗai na iya riƙewa. To, kamar muciyar na riƙe ta. Na tura ƙwallon yadda nake ture tsakuwa daga bakin ƙofa, ta gangara ta faɗa. A nan ne aka yi tafin da Alhaji ya jira.

Da aka zauna taro aka ce masu son a faɗaɗa su ɗaga hannu, mutum biyu suka ɗaga, ɗayan ma ina jin ƙeyarsa yake sosawa. Alhaji hannunsa na kan gwiwa. Shawararsa ce, amma bai ɗaga ba.

Komawa

Washegari muka juyo. Sai bayan Darazo Baba Gana ya ce ranar Asabar zai biyo wa Alhaji su je wasa. Alhaji ya ce rantsuwa ya yi, ba a faɗaɗa ba, magana ta ƙare, duk mai son sandunan ya ɗauka. Baba Gana ya tuna masa cewa malamai sun ce in barin rantsuwa ya fi alheri, a bar ta a yi kaffara. Alhaji ya juya fuska waje. Kyari ya taka mota don mu shiga gari kafin a rufe hanya, muka shigo Lamisula ana shirin kiran magariba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa masu masaukinmu.

Gida

Gari na wayewa na leƙa, ga shi a kujerar roba. Haka ma washegari. Ranar Juma'a na ga ya cire takalmi yana matsa ƙafa, sai na kai masa shayi ba sukari, na tsaya a kansa.

"Alhaji, ka huta abinka. Dama a gidan nan ni ce ta ƙarshe da ta jefa ƙwallo a rami. Gobe akwai suna a unguwar Ajilari, zan je in ba su labari."

"Ke da ba kya zuwa suna?"

"Wannan zan je."

Ya daɗe yana juya cokali a shayin da babu abin juyawa. Can ya ce wancan ai ba rami ba ne, rijiya ce, ko makaho zai jefa. Ya ce in na isa in zo in gwada na gaskiya. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai shinkafar da za ta ciyar da miskinai goma.

Asabar da sassafe Baba Gana ya yi hon, Alhaji ya fita da jakarsa. Da ya dawo ya ce ƙwallon ta leƙa ta wuce har sau ba adadi, yana faɗa yana dariya. Ni kuwa na wuni a madafa ina dafa kaffarar rantsuwar da ba ni na yi ba, murfin ya lotse, tururi na fita ta gefe, sai da na ɗora masa dutse.

Har yanzu ina nan a kan bakana, wasan aikin banza ne, amma a bar musu raminsu yadda yake. Abin da ban gane ba shi ne wannan, ku gaya mini tsakaninku da Allah: tsakanin Alhaji, da Baba Gana, da mai tumbin nan na Jos, wa ya kamata ya saya mini murfi?